Leɓɓa Biyu da Hikimar Gaggawarsu a Wajen Furuci

Cikin gaɓoɓin da Allah Maɗaukakin Sarki ya hore wa ɗan Adam domin magana, leɓɓa kaɗai ne ido yake iya bin aikinsu tun daga farko har ƙarshe, gama harshe yana fake a bayan haƙora, maƙogwaro kuwa ba mai leƙa shi sai likita da madubinsa. Amma duk da wannan bayyana tasu, an yi ƙarnoni ana siffanta inda suke haɗuwa da yadda suke rabuwa, ba a san abin da yake riƙe da linzaminsu ba sa'ad da mutum ya saki baki yana zance. Mai hira ta yau da kullum yakan furta gaɓar kalma huɗu zuwa shida cikin sakan guda, kuma duk inda harafin b ko m ya faɗo, dole ne leɓen sama da na ƙasa su haɗu su toshe iska, su tsaya a haɗe na ɗan lokacin da galibi bai wuce kashi ɗaya cikin goma na sakan ba, sa'an nan su rabu alhali sun riga sun ɗauki siffar wasalin da zai biyo baya. In aka bar 'yar kafa komai ƙanƙantarta, iska ta sulale, harafin ya tashi daga b ya koma wani abu dabam. Mas'alar da nake so mu yi bahasi a kanta ita ce, wa yake tsaron wannan haɗuwa, tun da shi mai maganar hankalinsa yana can ga ma'anar abin da yake faɗi, bai ko tuna yana da leɓe ba?

Magabata ba su yi sakaci da wannan gaɓa ba, kuma ba mamaki, tun da Alƙur'ani mai girma, a Suratul Balad, ya ambaci leɓɓa biyu tare da idanu da harshe cikin abin da aka yi wa mutum baiwa da shi. Tun a ƙarni na biyu na Hijira, Halilu ɗan Ahmad na Basra ya jera haruffan Larabci bisa ga mafitarsu, ya faro daga can cikin maƙogwaro ya gangaro har leɓɓa. Almajirinsa Sibawaihi ya ƙidaya mafita 16, Ibnul Jazari kuwa, wanda ya rasu a shekara ta 833 ta Hijira, kuma wanda har gobe almajiran tajwidi a ƙasar Hausa suke haddace matanin da ya bari, ya zaɓi 17. Abin da aka zauna a kansa shi ne, ba da mim da wau daga tsakanin leɓɓa biyu suke fita, fa kuwa daga cikin leɓen ƙasa da bakin haƙoran gaba na sama. Kaifin lurarsu ya kai har suka sanya wa motsin leɓe marar sauti hukunci na kansa, watau ishmami, inda mai karatu yakan tattara leɓɓansa ya yi nuni ga rufu'a bayan ya ɗaure harafi, suka ce mai gani ne yake riskarsa, makaho ba ya jinsa. Sun kuma gane cewa nun mai ɗauri in ta gabaci ba takan juye mim, abin da suka kira iƙlabi. Mu ma haka bakinmu yake yi, gama muna rubuta ɗan Bello amma ɗam Bello muke faɗi, muna rubuta ku da ko amma leɓɓa sun riga sun kewaye tun ba a saki k ba. Dalili ɗaya ne a duka: leɓɓa ba sa jiran harafinsu ya iso, tun daga nesa suke yi masa shiri. Ibnu Sina ya ƙara taku guda, ya rubuta risala a kan sababan faruwar haruffa, ya shigar da bayanin ƙirar maƙogwaro da tsokokin harshe a cikinta. Abin da ya rage musu duka shi ne ma'aunin lokaci, domin amsar mas'alarmu a ɓoye take cikin kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan, wanda za mu riƙa kira milisakan, kunne da ido kuwa ba sa riskar wannan.

Ya kamata mai karatu ya san ƙirar wurin tukuna. Yawancin tsokokin jiki, kamar na damtse da na cinya, sukan kama ƙashi ta nan su kama wani ƙashin ta can, su ja gaɓa ta lanƙwashe. Leɓe kuwa ba ƙashi a cikinsa ba guringuntsi, tsoka ce da fata. Akwai tsoka babba wadda ta kewaye baki, ita ce mai rufe shi da tattara shi, sa'an nan akwai wasu wajen goma a kowane ɓarin fuska waɗanda suka taho daga kunci da gefen hanci da haɓa, wasu suna ɗaga leɓen sama, wasu suna jan na ƙasa, wasu suna jan gefen baki wajen murmushi, zaruruwansu kuma sun sarƙe da juna, har mai fiɗa yakan sha wuya kafin ya ce ga ƙarshen wannan ga farkon waccan. Cikin jijiyoyin saƙo 12 da suke fitowa daga ƙwaƙwalwa a kowane gefe, biyu ne suke hidimar wannan wuri: ta bakwai ita take kai umurnin motsi, ta biyar ita take komawa da labarin taɓi da zafi da miƙewar fata. Likita Charles Bell ya nuna a Landan cikin 1821, da gwajin da ya yi a fuskar jaki, cewa in aka yanke ta bakwai motsin wannan ɓarin yakan tsaya, Herbert Mayo kuma ya ƙarasa rarrabe aikin jijiyoyin biyu a shekarar da ta biyo baya. Da Wilder Penfield, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa na birnin Mantiriyal a Kanada, ya fitar da taswirar jiki a bisa ɓawon ƙwaƙwalwa cikin 1937, sai aka ga filin da aka ware wa leɓɓa ya yi girman da bai dace da ƙanƙantarsu ba, yana gogayya da na yatsun hannu.

Saura ma'anar zaburar tsoka. Duk wanda likita ya taɓa zaunar da shi a bakin gado ya bugi ƙasan ƙoƙon gwiwarsa da 'yar guduma ta roba, ya san yadda ƙafa take harbawa da kanta ba da niyyarsa ba. Bugun yakan miƙar da tsokar cinya kaɗan. A cikin tsokar kuwa akwai wasu ƙananan ma'aunai masu siffar mazari, waɗanda ba su da aiki sai jin an miƙar da ita, su aika da saƙo zuwa laka, laka ta mayar da umurni nan take tun labari bai kai ga sanin mai ƙafar ba. Likitoci biyu na Jamus, Erb da Westphal, suka siffanta wannan a 1875, Charles Sherrington na Ingila kuma ya kafa ginshiƙin ilmin jijiyoyi a kan irinsa cikin littafinsa na 1906, har aka sami masana da yawa a wancan zamani da suka ɗauka duk wani motsi mai jeri, tafiya ce ko magana, zabura ce bisa zabura, ta gaba tana tashi daga ta baya. Tsokokin da suke rufe muƙamuƙi cike suke da irin waɗannan ma'aunai. Amma da aka juya kan tsokokin leɓe, aka yayyanka su aka duba da madubin likita mai ƙara girman abu, aka kuma jarraba su a jikin mai rai ta hanyar girgiza su, ba a sami mazarin ba. Ga gaɓa mai bukatar sanin inda take a kowane lokaci, ga shi kuwa ba ta da ma'aunin da sauran tsokoki suke dogara a kansa.

Duk da haka leɓe yana zabura. A 1952 wasu likitoci uku na birnin Istokholm a Suwidin, Ekbom da Jernelius da Kugelberg, suka bayyana cewa in aka ɗan ƙwanƙwasa leɓen mutum, aka kuma sa wayar da take ɗaukar lantarkin tsoka, za a ga tsokar da ta kewaye baki ta amsa. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar amsar kashi biyu ce, ta farko tana zuwa bayan milisakan 15 ko kusa da haka, ta biyu kuma bayan ninkin wannan ko fiye. Hanyarta gajera ce ƙwarai: daga fata ta bi jijiya ta biyar zuwa tushen ƙwaƙwalwa, daga nan ta juyo ta jijiya ta bakwai. A jikin baligi lafiyayye ido ba ya cika ganinta, sai na'ura. A jikin jariri kuwa danginta a fili suke, domin kowace uwa ta san in ta shafi gefen bakin ɗanta zai juyo yana neman nono, in an sa masa yatsa zai tsotsa, kuma neman nan yakan gushe a wajen wata na huɗu, yayin da ƙwaƙwalwa ta fara karɓar ragamar. Likitoci sun san kuma cewa tsohon da ciwo ya ci gaban ƙwaƙwalwarsa, in aka taɓa leɓensa yakan turo baki kamar jinjiri, alamar cewa zaburar ba ta mutu ba tun can, danne ta aka yi. Game da ma'aunin da aka rasa a tsoka, a fata aka same shi. Cikin 1988 Roland Johansson da abokan aikinsa a Jami'ar Umeya ta Suwidin suka soka wata siririyar allura mai ɗaukar lantarki a cikin jijiyar da take fitowa ƙarƙashin ido, suka sa mutum ya yi magana, sai suka ji ma'aunan taɓi na fatar leɓe da kunci suna aika saƙo da kowane motsi. Da yake tsokar leɓe a fata take kamawa, ba ta iya motsi fata ba ta miƙe ba, don haka fata ta zama mai ba da labari.

A nan ne saɓani ya shiga tsakanin masana. Wani ɓangare ya ce magana ta fi ƙarfin a jira labari daga baki, tsari ne da ƙwaƙwalwa take shiryawa tun gaba ta sake shi gaba ɗaya. Hujjarsu ta farko daga Karl Lashley ta fito, wanda ya lura a 1951 cewa yatsun gwanin fiyano sukan kai bugu 16 a sakan, saurin da a ganinsa ba ya barin damar kowane bugu ya jira labarin wanda ya gabace shi. Hujja ta biyu kuwa kowa yana iya shaidarta, domin wanda likitan haƙori ya yi wa allurar kashe zafi har leɓensa ya yi nauyi bai san yana nan ba, yakan fito yana magana ana fahimta. Masu bincike a Amurka cikin shekarun 1960 da 1970 sun kashe jin bakin mutane da gangan, suka tarar furucin ya rage tsafta amma bai rushe ba. Ɗaya ɓangaren ya ce, to, rage tsaftar fa, daga ina ta zo in ba a bukatar ji? Kuma zaburar da take komowa cikin milisakan 15 ai tana da sarari isasshe a cikin harafin da yake ɗaukar milisakan 80 ko 100. A 1979 Michael McClean da John Folkins da Charles Larson suka buga maƙala a kan wannan tambaya tsantsa, watau ko wannan gajeriyar zabura tana da hannu wajen sarrafa leɓe a magana. Gardama irin wannan baki ba ya raba ta, sai gwaji.

Dabarar da aka yi mai sauƙin faɗi ce: a bar mutum ya fara furuci, sa'an nan a yi wa gaɓarsa cikas ba zato, a ga abin da zai faru. Folkins da James Abbs suka fara a 1975, suka riƙa tare muƙamuƙin mutum yana cikin hawa domin rufe baki, sai suka ga leɓɓan sun ƙara tafiya sun cike gurbin da muƙamuƙi ya bari, bakin ya rufu. A 1984 Abbs da Vincent Gracco, a Jami'ar Wiskonsin da ke Madison, suka kyautata gwajin. Suka ɗora wani ɗan ƙarfe a kan leɓen ƙasa suka haɗa shi da ƙaramin inji, mutum yana ta maimaita aba, aba, injin kuwa ba ya taɓa shi sai sau 10 zuwa 15 cikin kowane 100, ba bisa wani jeri da za a iya hasashensa ba, ya ja leɓen ƙasa daidai lokacin da yake shirin hawa. Abu uku suka fito. Leɓen ƙasa ya ƙara ƙarfi ya yi gaba da cikas ɗin, wannan ba abin mamaki ba ne. Leɓen sama, wanda ba abin da ya taɓa shi, ya sauko fiye da yadda ya saba ya tarbi ɗan'uwansa a inda aka tsare shi. Kuma wannan ya auku tun a karon farko da aka ja leɓen, ba bayan mutum ya koya ba. Da suka auna lokaci sai suka ga amsar tsokoki tana zuwa tsakanin milisakan 22 da 75, watau ta fi gajeriyar zaburar tushen ƙwaƙwalwa jinkiri, ta kuma fi niyya sauri, gama wanda aka ce masa da ka ji taɓi ka motsa yakan haura milisakan 100 kafin ya motsa.

Gwajin da ya fi gamsar da ni shi ne wanda aka buga a shekarar 1984 ɗin daga ɗakin binciken Haskins da ke New Haven, aikin Scott Kelso da Betty Tuller da Eric Vatikiotis-Bateson da Carol Fowler. Su muƙamuƙi suka riƙa ja ƙasa ta wani abu da suka maƙala a haƙora, kalma biyu kuma suka ba mai magana, bab da baz, suna jan muƙamuƙin yayin da yake hawa domin harafin ƙarshe. In kalmar bab ce, inda ake bukatar leɓɓa su haɗu, leɓen sama yakan sauko cikin 'yan milisakan. In baz ce, inda leɓɓa ba su da wani aiki, sai tsokar harshe ta ƙara himma domin ta kai kan harshe inda z take fita, leɓen sama kuwa ba ya yin waccan saukowa. Cikas ɗaya, ƙarfi ɗaya, mutum ɗaya, amsa biyu, kuma abin da ya raba su shi ne harafin da aka nufa. Zaburar gwiwa ba ta tambayar inda mai ƙafa za shi. Wannan amsar kuwa ta san inda aka dosa. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata biyu suna lugude a turmi guda ya ga irin wannan, domin in ɗaya ta ɗan yi jinkiri da taɓaryarta, ɗayar takan gyara saukar tata ba tare da an tsaya shawara ba, tun da abin da suke tsaro duka biyun shi ne kada dakan ya yanke. A ra'ayina wannan ne zuciyar al'amarin: abin da ƙwaƙwalwa take kiyayewa shi ne baki ya rufu a lokacinsa, rabon aikin tsakanin muƙamuƙi da leɓen sama da na ƙasa kuwa ana sake shi a kowane furuci gwargwadon hali.

Masu bincike na Japan suka ƙara haske ta wani harafi da mu Hausawa muka sani sarai. Harshensu yana da f wadda ake yi da leɓɓa biyu ba tare da haƙori ba, irin ta mutanen Kano, saɓanin fa ta Larabci wadda malamin allo yake fama da yara su ɗora haƙora a kan leɓe kafin ta fita. Harafi ne mai wuyar sha'ani, domin leɓɓa ba za su haɗu ba, ba kuma za su yi nisa ba, sai 'yar siririyar kafa. Hiroaki Gomi da Takayuki Ito da abokan aikinsu suka ja muƙamuƙin masu furta shi, suka nuna a 2002 cewa farkon saukowar leɓen sama ba ma sai an jira jijiya ba, taurin da tsokoki suka riga suka ɗauka domin harafin shi yake janyo shi, tun da leɓɓan biyu a ɗinke suke ta gefen baki. A 2005 kuma, ta hanyar zuga ɓawon ƙwaƙwalwa da maganaɗisu daga wajen kai, suka kawo hujja cewa amsar da take biyowa bayan milisakan 50 ko kusa da haka ta sashen motsi na ɓawon ƙwaƙwalwa take bi. Ashe kariya hawa-hawa ce, ta tsoka tukuna, sa'an nan ta jijiya.

Ita gajeriyar zaburar nan ta milisakan 15 fa? Hukuncin da bincike ya yi mata ba na girmamawa ba ne. McClean da wani abokin aikinsa mai suna Clay sun ba da rahoto a 1994 cewa in aka ƙwanƙwasa leɓen mutum gab da zai fara magana, zaburar takan yi rauni fiye da in yana zaune shiru. Hikimar wannan a bayyane take ga mai tunani, domin leɓɓan mai magana suna bugun juna a kowace b da m, da a ce kowane bugu yana tayar da zabura da cikakken ƙarfinta, da furuci ya cika da fizge-fizgen da ba a nema ba. Lashley ya yi gaskiya da ya ce ana shirya tsari tun gaba, sai dai cikin abin da ake shiryawa har da wane labari za a saurara, wane za a yi banza da shi, da kuma wace tsoka za ta amsa.

Wannan fahimta tana da asali a fagen da ba na magana ba. Nikolai Bernstein, a Masko cikin shekarun 1920, ya ɗauki hoton motsin ma'aikata masu bugu da guduma, ya ga hannun gwani ba ya bin hanya ɗaya sau biyu, amma aikin yana fita daidai. A fagen furuci, Bjorn Lindblom da James Lubker da Thomas Gay sun sa wa mutanen Suwidin ɗan abu tsakanin haƙora ya hana muƙamuƙi motsi, suka ruwaito a 1979 cewa wasulan sun fito kusa da yadda aka saba tun daga farkon sautin, kafin kunne ya sami abin gyarawa. Dattijon da yake zance da lofe a baki, ko mai amsa gaisuwa da asuwaki tsakanin haƙora, wannan gwajin yake yi kullum.

Wani zai ce ai kunne ne alƙalin magana, jin fata ɗan rakiya ne. David Ostry da almajiransa a Jami'ar McGill ta Kanada sun gwada wannan. A 2003 suka sa inji yana ɗan tura muƙamuƙin mutum gaba yayin furuci, turawar da ba ta canza sautin yadda za a ji ba, amma bayan maimaici mutanen suka gyara motsinsu suka mayar da shi tafarkinsa na da, har waɗanda aka ce su motsa baki da kalmar ba tare da sauti ba. A 2008 aka maimaita da manyan da suka kurumce bayan sun iya magana, aka kashe na'urar jin da aka dasa musu, su ma suka gyara. A 2009 kuma Ito da Mark Tiede da Ostry suka nuna cewa in aka ja fatar gefen bakin mai sauraro sama ko ƙasa daidai lokacin da yake jin wata kalma, wasalin da zai ce ya ji yakan karkata. Harafi ke nan yana da siffa biyu a wurin mai shi, yadda yake a kunne da yadda yake a baki, kuma ina ganin malaman ƙira'a da suka dage cewa karatu ba ya inganta sai an ɗauke shi baki da baki daga malami, almajiri yana kallo yana maimaitawa har gaɓoɓinsa su saba, sun tsaya a kan abin da na'ura ta zo ta gaskata.

Amfanin wannan ilmi ga marasa lafiya ba kaɗan ba ne. In gaskiya ne cewa amsar leɓe tana bin harafin da aka nufa, to, yaron da furucinsa bai daidaita ba da haruffa da kalmomi ya kamata a horar da shi. Hura balo da turo baki da lasar leɓe, waɗanda wasu masu gyaran magana suke sa yara, an tattara binciken da aka yi a kansu a 2015 ƙarƙashin ƙungiyar Cochrane, aka sami ƙananan gwaje-gwaje uku kacal, ba a kuma sami hujja mai ƙarfi a kan amfaninsu ba. Haka likitan da yake ɗinke tsagaggen leɓen jariri, ko wanda yake sake gina bakin da ciwon noma ya cinye, kamar yadda ake yi a asibitin yara masu noma da aka buɗe a Sakkwato a 1999, ba rufe rami kaɗai ne burinsa ba, yana neman ya maido da baki mai rufuwa da motsi, domin ci da sha da magana duka a kan wannan suke.

Abin da ya fi yawan aukuwa a cikinmu shi ne karkacewar baki, wadda Ibnu Sina ya yi wa babi a littafinsa na likitanci da sunan laƙwa, ya kuma raba wadda ta zo daga sakin tsoka da wadda ta zo daga ɗaurewarta. Mutum ya kwanta lafiya ya tashi ɓarin fuskarsa ya saki, ruwa yana zuba ta gefen baki, b da m da f suna sulalewa, sai dangi su ce iska ce ta buge shi, a shiga hayaƙi da shafe-shafe har kwanaki su wuce. Abu biyu ne sukan kawo haka, kuma goshi yana taimakawa wajen raba su. In jijiya ta bakwai ce ta kumbura a hanyarta ta cikin ƙashin kunne, ɓarin fuskar duka yakan saki, girar wannan gefen ba ta ɗaguwa, ido ba ya rufuwa sosai. Yawancin masu wannan sukan warke, kuma wani babban gwaji da aka buga daga Sikotland a 2007 ya nuna cewa cikin waɗanda aka ba maganin kumburi mai suna firedinisolon kafin awa 72 ta cika, 94 cikin 100 sun warke sarai bayan wata tara, waɗanda ba a ba su ba kuwa 82 cikin 100. Idon da ba ya rufuwa kuma yana bukatar a kiyaye shi da magani da rufi kada ya bushe. In kuwa baki ya karkace amma gira tana ɗaguwa, balle a ce hannu ya yi nauyi ko magana ta sarƙe, to, alamar shanyewar ɓarin jiki ce, matsalar a ƙwaƙwalwa take, maganin narkar da gudan jini kuma ba a ba da shi galibi in an wuce awa huɗu da rabi. Saboda haka ina roƙon mai karatu, duk wanda ya ga bakin ɗan'uwansa ya karkace farat ɗaya, ya yi masa addu'a a kan hanya, amma ya kai shi asibiti a wannan sa'a, kada a bari sai gari ya waye.